Ƙarshen damina a duwatsun Damagaram: ruwan Satumba ke yanke hukunci

Da zarar watan Agusta ya raba tsakiya, hirar mutanen Damagaram takan koma guda ɗaya. A rumfunan ƴan hatsi na kasuwar Dole, a tashar motocin Gure, a farfajiyar ofisoshin jiha inda ma'aikata ke taruwa kafin a tashi aiki, duk wanda ya gaisa da ɗan'uwansa sai ya ɗaga kai wajen gabas ya ce: ina ruwa? Amsar da aka gada ita ce ruwa ya yi gyara. Gaisuwa ce mai kyau, ladabi ne kuma ga Mai bayarwa. Sai dai ɗan kasuwar da ke da buhu 300 a mangaza, da furefen da ake jiran rahotonsa a Yamai, dukansu sun san ba a yanke shawara a kan gaisuwa. Abin da ke cin ransu shi ne ranar da ruwa zai ɗauke, da kuma halin da zai bar hatsi a ciki ran da ya ɗauke.

Yankin da ake magana a kansa sananne ne ga duk wanda ya taɓa bin hanyar gabas. Daga manyan duwatsun da suka tsaya tsakanin Birni da Zango, ƙasar takan riƙa hawa tana sauka ta Albarkaram, da Damagaram Takaya, da Mazamni, da Mowa, har ta kai tsaunukan Muniyo a kudancin Gure da tudun Kutus a arewacinta, wajen Kelle. Ba tsaunuka ba ne masu tsawon a zo a gani. Idan aka kwatanta su da na Abzin, ƙananan tuddai ne. Amma sun isa su sauya makomar kowane ɗigon ruwa da ya sauka a kansu, kuma a nan ne lissafin damina ya fi wuya a duk faɗin jihar.

Ma'aunin ruwan sama na birnin Damagaram yana cikin mafi daɗewa a ƙasar Nijar, tun farkon ƙarni na 20 ake rubuta abin da ya tara. Abin da littattafansa suka nuna shi ne, a shekara madaidaiciya birnin kan samu wajen milimita 400. Magarya a kudu kan haura 500, Gure ba ta cika wuce 300 da wani abu ba, Tanut kuwa ƙasa da haka. Wato kusan duk kilomita ɗaya da matafiyi ya yi zuwa arewa, ya bar milimita ɗaya a bayansa. Daga cikin 400 ɗin nan na Damagaram, Agusta kaɗai kan kawo kimanin kashi 40 cikin 100. Satumba kuwa rabonta ɗan kaɗan ne, milimita 50 zuwa 60, cikin ruwa huɗu ko biyar. Ga wanda bai saba da wannan awo ba, milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, ko kuma ganga 50 masu cin lita 200 a kan hekta guda.

Wannan ɗan rabon na Satumba shi ne ake raina wa a rahotanni, alhali kuwa shi ke cika rumbu ko ya bar shi wayam. Dalilin yana cikin kwanakin hatsi. Irin da aka fi shukawa a wannan yanki, ko Ankutes na arewa, ko Ba'angure, ko HKP da cibiyar binciken noma ta INRAN ta yaɗa, kan bukaci abin da ya kama daga kwana 80 zuwa 100 kafin ya nuna. Wajen kwana 60 bayan shuka yake fitar da kai ya yi bununi, daga nan kuma sai ya shafe mako uku ko fiye yana ɗura ƙwaya. A wannan tsakanin ne ya fi kowane lokaci jin ƙishi. Manomin da ya dace da shuka a ranar 20 ga Yuni, hatsinsa ya yi bununi tun wajen 20 ga Agusta, cikin malka, kuma kafin tsakiyar Satumba yara sun fara gasa tumu. Wanda fari ya kashe masa shukar farko, ya sake binne iri a ranar 15 ga Yuli, nasa hatsin ba zai yi bununi ba sai tsakiyar Satumba, daidai lokacin da hadari ke haramar komawa kudu. Gonaki biyu ne, ƙila kunya ɗaya ce ta raba su, ruwan da ya sauka a kansu tun daga Yuli ɗaya ne, amma ɗaya za ta ba da dame 60, ɗaya kuwa kara da ƙaiƙayi.

Saboda haka hasashe na farko, kuma mafi arha, ba ya bukatar tauraron ɗan'adam. Tambaya ce da kowane ɗan kasuwa zai iya yi wa dillalinsa na ƙauye: yaushe aka yi shukar da ta kama, kuma sau nawa aka sake ta? Ma'aikatar noma ma takan tattara wannan labari duk bayan kwana goma daga bakin malaman gona, ta faɗi yawan garuruwan da suka shuka da matakin da hatsi ya kai. Takarda ce da ba ta cika samun masu karatu ba, ko da yake ta fi jita-jitar tasha amfani nesa ba kusa ba.

Inda hadarin ke fitowa

Duk daminar Sahel ta rataya ne a kan kokawar iska biyu. Ɗaya mai laima ce, daga tekun Gini take tasowa ta kudu maso yamma. Ɗaya busasshiya, daga Sahara. Kan iyakar da suka haɗu yakan yi ta turawa arewa tun daga bazara, ya kai maƙurarsa cikin Agusta can wajen Abzin da abin da ke bayansa, sannan ya juyo. Ruwa mai ƙarfi ba a kan iyakar yake sauka ba, sai ɗaruruwan kilomita a kudancinta, inda iska mai laima ta yi kauri. Hawan iyakar nan a hankali yake, saukarta kuwa da gaggawa. Shi ya sa damina ke shigowa da jan ƙafa, ta fita kamar an kore ta.

Shi kansa hadarin daga gabas yake zuwa, abin da kowane yaro ya sani. Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne, akwai wata igiyar iska a sama da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar, kuma manyan hadura kan haɗu ne da yamma a kan tuddai irin na Darfur, da Enedi, da Abzin, da Jos, su jeru kamar sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su nufi yamma da gudun wajen kilomita 50 a awa. Irin waɗannan ƙalilan ne a cikin gizagizan shekara, amma su ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Sahel. Ke nan daminar gari guda ta dogara a kan baƙi ƴan kaɗan. Idan biyu daga cikinsu suka kauce wa garin a watan Satumba, shekara ta tafi. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun jera ma'aunai wajen 100 a kewayen Yamai, suka tarar ƙauyuka biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 10 ba suna iya bambanta da fiye da milimita 100 a damina ɗaya. Wannan fa a ƙasar da ba ta da duwatsu irin na Muniyo.

Malaman zaure suna da nasu lissafin, wanda ya girmi duk waɗannan na'urori. Sun raba shekara taurari 28, bakwai ga kowane yanayi, kowane tauraro kwana 13 in ban da Jabha mai 14. Na damina su ne Nasara, da Ɗarfa, da Jabha, da Harsan, da Sarfa, da Iwa, da Simaku. Wanda ya iya wannan lissafi ya san inda damina ta kai ko da bai taɓa riƙe kalandar bature ba, kuma ya san idan an shiga Sarfa ruwa ya fara sallama. Amfaninsa shi ne yana tuna wa manomi cewa lokaci ba ya jira. Iyakarsa kuma ita ce taurarin bana su ne na bara, alhali damunan biyu ba su taɓa zama ɗaya ba.

Takardar watan Afrilu

Tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma ke taruwa kafin damina su fitar da hasashen bai ɗaya. Cibiyoyi biyu da ke jan ragamar aikin duk a Yamai suke: AGRHYMET, wadda ƙungiyar CILSS ta kafa a 1974 bayan babban fari, da ACMAD ta nahiyar Afirka. Daga nan ma'aikatar yanayi ta ƙasa take ɗaukar nata rabon ta daidaita shi da jihohi. Abin da suke dubawa ya yi nisa da Damagaram ƙwarai: zafin ruwan tekun Pasifik, da na tekun Gini, da na Bahar Rum. Shekarar da gabashin Pasifik ya ɗumama, abin da ake kira El Nino, daminar Sahel takan raunana, kamar yadda aka gani a 1972, da 1997, da 2009. Idan ya yi sanyi, kuma Bahar Rum ya yi zafi, laima takan yawaita.

Kuskuren da ake yawan yi a ofis da kasuwa shi ne ɗaukar takardar tamkar alkawari. Alƙaluma uku take bayarwa ga kowane yanki, misali 45, 35, 20. Ma'anarsu ita ce, a cikin damuna 100 masu irin alamun bana, 45 za su fi abin da aka saba, 35 za su yi daidai, 20 za su gaza. Abin da aka saba kuwa shi ne matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020. Wanda ya ji an ce damina za ta yi yawa ya je ya zubar da ajiyarsa, ya manta da 20 ɗin nan na ƙarshe, wato shekara ɗaya cikin biyar. Bugu da ƙari, launin da aka shafa a taswira yakan rufe ƙasa tun daga Tawa har Difa. Bai san Wame ba, bai san Kelle ba.

Akwai dai sashe guda na takardar da ya cancanci a karanta shi da natsuwa, shi ne na ranar ɗaukewar ruwa da na tsawon fari a ƙarshen damina. Yadda AGRHYMET ke ƙidaya ranar yana da sauƙin fahimta. Ana ɗauka ƙasa tana iya riƙe milimita 70 na ruwan da shuka ke sha, rana da ganye kuma suna zuƙe milimita 5 kowace rana. Daga 1 ga Satumba, ranar da wannan ajiya ta ƙare ba tare da an sake cika ta ba, damina ta rufe. Kowa na iya raba 70 da 5: kwana 14 ke nan. Gonar da ta ƙoshi a ranar 5 ga Satumba tana da guzuri har 19 ga wata. Ruwa ɗaya mai milimita 25 a tsakani ya ƙara mata kwana biyar, kuma sau da yawa kwana biyar ɗin nan su ne tazarar da ke tsakanin ƙwaya da ƙaiƙayi.

To amma 70 ɗin lissafi ne na ƙasa mai zurfi. A gindin dutse, inda tsakuwa ta fi ƙasa yawa kuma saiwa ke cin karo da fa tun ba ta yi nisa ba, ajiyar ba ta kai haka ba, kuma agazari yakan fi zafi a wurin domin dutsen ya kwana yana fitar da zafin da ya sha da rana. A fako ruwan ba ya ma shiga, gangarawa yake. A kwari kuwa, inda duk ruwan tudun ke taruwa, dawa da wake suna iya kaiwa Oktoba kore shar. Gari ɗaya a gundumar Damagaram Takaya yana iya ɗauke da daminar kirki a kwarinsa da fari a tudunsa. Idan aka haɗa biyun aka fitar da matsakaici domin rahoto, sai a samu adadin da ba na kowa ba, a rubuta cewa gari ya wadatu, alhali rabin gidajensa za su fara awo tun watan Janairu. Yawanci kuma masu gonar tudun su ne marasa ƙarfin garin, domin kwari tun kaka da kakanni yana da masu shi.

Shekarun da suka bar tabo

Tarihin yunwa a wannan ƙasa mafi yawansa tarihin ƙarshen damina ne. Dattawa sun ji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga bakin iyayensu, sun kuma ga ta 1973 da ta 1984 da idonsu. Ta biyun har aka laƙaba mata sunan El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Amma wadda ta fi dacewa ɗan kasuwa da ma'aikaci su yi nazari a kanta ita ce ta 2004. A shekarar ruwa ya yanke da wuri a arewacin ƙasar noma, fara kuma ta sauko daga hamada. Da aka yi lissafin ƙasa baki ɗaya, giɓin hatsi wajen tan 223,000 ne, bai kai kashi 10 cikin 100 na bukatar jama'a ba, har wasu magabata suka ga abin bai kai a ɗaga murya ba. Sai dai giɓin ba a bazu yake ba, a tattare yake cikin wasu gundumomi, ciyawa ta gaza, dabbobi sun faɗi, kasuwannin Najeriya kuma suna jan hatsi kudu. Kafin daminar 2005 ta yi nisa, buhu mai kilo 100 ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, tiya ta gagari talaka, gidajen jinyar yara masu tamowa suka cika a Maraɗi da Damagaram. An maimaita kusan irin wannan bayan daminar 2009, ba a kuma kira abin da sunansa a fili ba sai bayan juyin mulkin Fabrairun 2010, lokacin da bincike ya nuna kusan rabin al'ummar ƙasa na cikin ƙarancin cimaka. A 2021 ma Agusta ta yi kyau a wurare da dama, Satumba ta juya baya, amfanin gonar ƙasa ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku.

Ɗaya fuskar kuma sabuwa ce ga waɗanda suka girma cikin shekarun fari. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa hadura mafi tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982, kuma an danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Ruwan ya dawo, amma da wani hali: a zuba na wata guda cikin dare ɗaya, sannan a yi shiru na mako biyu. A 2024 hasashen da aka fitar a Abuja cikin watan Afrilu ya ce damina za ta yi yawa, ta kuwa yi. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19 wanda ya ga zamanin sarakuna da na Turawa, ya rushe. A faɗin ƙasa an rasa rayuka kusan 400, mutane wajen miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, aka ɗage komawa lakwal daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan, domin azuzuwa cike suke da waɗanda gidajensu suka faɗi. Ginin ƙasa ba ruwan farko ke kayar da shi ba. Bangon da ya sha malka tun Agusta shi ne ruwan Satumba ke ƙarasawa. Mai gida ko mangaza ta ƙasa da ya ga gindin bangonsa ya yi duhu har bai bushewa tsakanin ruwa da ruwa, ya riga ya samu nasa hasashen.

A ƙasar duwatsu irin wannan ruwa yana da wata illar. Ƙoramar da ta yini a bushe tana iya cika cikin rabin awa da ruwan da ya sauka a wani tudu mai nisa, inda direba bai ga ko gajimare ba. Masu kamiyo da ke bin hanyar Mirya, Gidimuni, Gidigir zuwa Gure, da masu shiga hanyoyin ƙasa na Damagaram Takaya da Kelle, sun san kwanan da ake yi a bakin ƙorama ana jiran ruwa ya janye. Wanda ya ɗauko albasa ko barkono ya san abin da kwana biyu a bakin ƙorama ke ci masa. Wannan ruwan dai da ke yanke hanya shi ne kuma abin shan rani. Ƙarƙashin Damagaram da Muniyo dutse ne, rijiya ba ta samun babbar jijiya, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar sa'ad da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Rijiyoyin Gogo da Machaya, waɗanda suka daɗe suna shayar da birnin kafin a ƙara da na Arunguza da Ganaram, ruwan da ya gangaro daga tuddai ya nutse cikin yashi suke sha. Tabkin Lasuri da madatsar Kasama su ma abin da damina ta bar musu suke rarrabawa har bazara. Matar da za ta bi layin famfo da jarka a watan Afrilu, ruwan Agusta da Satumba ne ya riga ya auna mata tsawon layin.

Abin dubawa daga yanzu zuwa girbi

A shekara madaidaiciya, ga yadda makonnin nan kan kasance a tuddan gabas. Ƙarshen Agusta da kwanaki goman farko na Satumba akwai sauran laima, hadari kan zo duk bayan kwana huɗu ko biyar. Daga 10 zuwa 20 ga wata tazarar takan buɗe, hadarin ya yawaita iska da tsawa ya rage ruwa, ya kwantar da hatsin da ya yi nauyin kai. Bayan 20 ga wata abin da ya sauka a arewacin Damagaram Takaya da Kutus kyauta ce, ba abin dogaro ba. Alamar juyawa kuwa a bayyane take ga mai lura: iskar safe ta daina zuwa daga kudu maso yamma, raɓa ta ragu, sararin sama ya yi fari-fari, rana ta yi zafin agazari. Idan aka ga haka tun kafin 10 ga Satumba, kuma aka cika kwana goma ba ruwa, duk gonar da aka shuka bayan tsakiyar Yuli tana cikin haɗari, ko da jimillar da Muryar Sahel ke karantawa ta haura ta bara.

Iskar da ke komawa kudu ba ita kaɗai take tafiya ba. Farar ciyawa da ta hayayyafa a makiyayar arewa takan biyo ta ta sauka a kan hatsin da bai gama ƙosawa ba, jan baki ma haka. Murzuna, tsutsar da ke sassaƙa kan hatsi, ta fi cin wanda ya riga sauran fitar da kai, wato ko mai shukar wuri bai tsira sarai ba. Makiyaya su ma idan tabkunan Tanut da Taskar suka ƙafe da wuri, dole su gangaro tun dame yana gona, kafin ranar da hukuma kan tsayar ta sakin gonaki. Abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a watan Oktoba na 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100, ya isa ya sa kowane furefe da kowane sarki ya tambayi labarin tabkunan arewa tun Satumba, ya kuma tara kwamitin kula da filaye tun ba a ji ƙarar farko ba.

Ga ɗan kasuwa, lissafin yana da kaifi biyu. Wanda ya riƙe tsohon hatsi yana jiran fari, idan ruwa biyu suka sauka tsakanin 10 da 20 ga Satumba, sabon hatsi zai fito daga Magarya da Matamaye ya karya masa farashi cikin mako guda, ya sayar da hasara, ga kuma baƙin jinin da ya saya wa kansa a unguwa. Wanda ya zubar da komi saboda ya ga gonakin bakin kwalta sun yi kore, ya manta cewa bakin kwalta kwari ne, kuma ruwan hanya yake sha. Farashin Dole ma ba a Damagaram kaɗai ake yanka shi ba: darajar naira, da abin da ake ciki a Dawanau da Maigatari, da matakin hukuma irin na Oktoban 2024 da ya hana fitar da hatsi in ba zuwa Mali da Burkina ba, duk suna da hannu a ciki. Ma'aikatar SIMA tana bin farashin kasuwanni mako-mako, kuma wanda ya ajiye alƙalumanta kusa da na ruwan sama ya fi wanda ke jiran labarin ƴan kamasho ganin gabansa. Ma'aikacin da ke sayen buhunan shekara da albashinsa shi ma wannan lissafin ya shafe shi. A shekarar da ruwa ya yanke da wuri, rahusar kaka gajeriya ce, wani lokaci ba ta kai ƙarshen Nuwamba ba.

Nauyin da ya fi girma dai yana kan masu rubuta rahoto. Jerin garuruwan da suka gaza, wanda a kansa ake tsara sayar da hatsin OPVN da rahusa da rabon agaji, daga alƙalamin malamin gona da sa hannun magajin gari da furefe yake farawa. An sha ganin shekarar da aka kumbura jerin domin a jawo buhuna, an kuma sha ganin wadda aka matse shi domin kada a ɓata wa na sama rai. Ta biyun ita ce ke kisa. Ma'aunin ruwa na roba bai kai kuɗin buhun siminti ba, kuma akwai malamin lakwal ko na asibiti a kusan kowane babban gari da zai iya karanta shi da safe ya aika da adadin ta wayar salula. Gundumar da ke da tudu da kwari tana bukatar ma'auni a tudun da wani a kwarin, a kuma rubuta ranar da kowane ruwa ya sauka, ba jimillar wata kaɗai ba. Milimita 60 da suka zuba dare ɗaya ranar 2 ga Satumba, da milimita 60 da suka rabu uku zuwa ranar 20, a takarda adadi ɗaya ne. A Mazamni kuwa na farkon ya tafi Lasuri cikin ƙorama, na biyun ne ke shiga rumbu.